Rumbu, Tiya da Ranar Kasuwa: Tarihin Tanadin Abinci a Ƙasar Gumel

Ƙasar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa, ƙasa ce ta jigawa, wato rairayi mai laushi wanda ba ya riƙe ruwa, kuma daminarta ba ta cika wuce wata uku zuwa huɗu ba, tsakanin Yuni da Satumba. Abin da gona ta bayar a cikin waɗannan 'yan watanni shi ne gida zai ci har wata daminar ta zagayo, saboda haka tun kafin a san albashi ko kanti ko firji, magidancin wannan yanki ya saba yin lissafin cimar shekara guda tun daga ranar da aka yanke gero aka ɗaure shi dami-dami. Daga wannan larura aka gina tsarin ciyar da iyali mai hawa uku: rumbu, wanda ke riƙe da lissafin shekara; kasuwar mako, wadda ke cike ɗan abin da rumbu ba ya bayarwa; da kuma girki, wanda ke zagayawa tsakanin matan gida. A ƙarƙashin wannan tsari yawan zirga-zirga zuwa kasuwa don sayen abinci bai taɓa zama abin alfahari ba, domin duk wanda aka riƙa gani tsugune a gaban mai awo kowace yamma, ƙauye ya riga ya san cewa rumbunsa ya ƙare.

Ƙasar kuwa ba ta rasa manyan kasuwanni ba tun fil azal. Masarautar Gumel, wadda ake yi wa laƙabi da Lautai, Mangawa ne suka kafa ta wajen tsakiyar ƙarni na 18, ta zauna a ƙarƙashin inuwar Barno, ba ta shiga Daular Sakkwato ba bayan jihadi, kuma a zamanin Sarki Ɗan Tanoma aka dawo da gadon sarauta daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, zuwa garin Gumel. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa garin a watan Maris na 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar da babbar kasuwar kanwa, inda fataken Barno da na Muniyo ke sauke kayansu, wasu fataken kuma su ɗauka su nausa ƙasar Nufe. Sai dai kasuwa irin wannan ta fatake ce da dillalai da masu masauki. Abin da talakan ƙauye ke nema a cikinta bai wuce gishiri da kanwa da ɗan yaji ba, kayan da ake saye sau ɗaya a daɗe ba a koma ba. Ga shi kuma zamanin yaƙe-yaƙe ne da Haɗejiya da Damagaram, lokacin da tafiya tsakanin gari da gari kan iya ƙarewa a hannun mahara, don haka gidan da abincinsa ke cikin ganuwa ya fi gidan da sai an fita nema kwanciyar hankali.

Tushen tsarin shi ne gandu, wato noman haɗin gwiwa na gida guda, inda uba da 'ya'yansa maza, ko wa da ƙannensa, ke aikin babbar gona tare a ƙarƙashin maigida, shi kuma ya ɗauki nauyin ciyar da kowa daga abin da aka girbe. Kowane namiji baligi, da mata a gidajen da suke noma, ana yanka masa gayauna, ƙaramar gona ta kansa wadda yake nomawa da yamma ko a ranakun da ba a fita gandu, amfaninta kuma nasa ne. Idan kaka ta yi, ana ƙidaya amfanin gandu da dami, a fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma ga wanda nomansa ya kai nisabi, a ware iri, a ware na kyauta ga malami da surukai da wanzami da maƙeri, sannan a zuba sauran a rumbu. Wannan ƙidaya ita ce kasafin shekara, kuma maigida mai hankali yakan san tun a masussuka ko hatsinsa zai kai shi sabon gero, ko kuwa zai tsaya a tsakiyar bazara.

Rumbun kansa iri biyu ne. Akwai rufewa, wadda ake ginawa da yumɓu a ɗora ta a kan duwatsu don gudun danshi da gara, akwai kuma rumbun zana ko na kara, wanda ake saƙawa da gamba ko karan hatsi a kafa shi a kan itatuwa a rufe shi da jinka. A ƙasar rairayi irin ta Maigatari da Sule Tankarkar, inda yumɓu mai kyau ba ya samuwa a ko'ina, na biyun ya fi sauƙin yi, shi ya sa ake ganin su jere a bayan gari kamar ƙananan bukkoki. Hikimar da ta fi muhimmanci ita ce ajiye gero da zangarniyarsa ba tare da an sussuke shi ba, domin a cikin busasshiyar iskar wannan yanki geron da ke jikin zangarniya yakan shekara biyu ko uku ƙwari ba su yi masa mummunar ɓarna ba, alhali tsaba, wato ƙwayar da aka sussuke aka sheƙe, ba ta jimre haka. Gidan da ake kira mai wadata a da shi ne wanda sabon gero ya tarar da tsoho a rumbunsa. Wake kuwa, wanda ƙwaro ke saurin hudawa, ana cakuɗa shi da toka ko busasshen yashi a tukunya ko a rufewa a liƙe bakin da laka.

Akwai wata al'ada da masu binciken tattalin arzikin ƙauyukan Hausa suka rubuta a ɓangarori biyu na iyakar Najeriya da Nijar, wadda ke nuna zurfin wannan lissafi, wato rufe rumbun gandu da rani. Bayan an ɗan ci sabon hatsi da kaka, maigida yakan rufe babban rumbu, ba za a sake buɗe shi ba sai ruwan shuka ya sauka, lokacin da majiya ƙarfi ke buƙatar furar rana a gona da tuwo mai nauyi da dare, lokacin kuma da hatsi ya fi tsada a kasuwa. A tsakanin nan gida yakan rayu da amfanin gayauna da sana'o'in rani, samari kuma su tafi cin rani zuwa Kano ko fadamun Haɗejiya ko bakin Tafkin Chadi. Sunan kansa ya bayyana manufar: mai cin rani ya je ya cinye watannin rani ne a wani wuri, ko da bai dawo da kuɗi mai yawa ba ya ɗauke bakinsa daga rumbun gida na wata huɗu ko biyar. Almajirancin rani ma, bayan neman karatu, yana da irin wannan amfani ga gidan da hatsinsa bai yi yawa ba. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma noman damina tafiya ce da ake shirya guzurinta tun watan Nuwamba.

Daga rumbu zuwa tukunya, ma'aunin shi ne tiya, ƙwarya ko kwanon awo wanda ke ɗaukar kusan kilo biyu da rabi na gero, kuma buhu babba yakan ci tiya wajen 40. Maigida shi ke shiga rumbu, ko ya sa babban ɗansa, ya fitar da damin da za a sussuka, sannan ya auna wa matar da ke da girki abin da zai isa. Girki a nan yana nufin kwanakin da nauyin dafa abincin gida duka da kula da miji ke kan mace ɗaya daga cikin kishiyoyi, wanda bisa al'ada kwana bibbiyu ne. Idan aka ɗauki misalin gida mai mutum goma da ke cin tiya biyu a rana, buhu guda zai yi masa kwana 20, shekara kuma za ta ci buhu 18, ban da na baƙi da na suna da na sadaka. Irin wannan lissafi ba a rubuta shi a takarda, amma kowace uwargida ta san shi da ka, ta san kuma ranar da aka fara rage cikar tiya ba tare da an faɗa mata dalili ba. A gidaje da yawa amintacciyar uwargida ce ke riƙe da awon gaba ɗaya, ta raba wa kishiyoyinta da matan 'ya'yanta, kuma martabarta a gidan tana rataye ne da iya kai hatsi inda aka nufa ya kai.

Mai karatu na yau, wanda ya saba da tambayar me za a dafa, zai yi mamakin yadda wannan tambaya ba ta da gurbi sosai a tsohon tsari. An riga an san cewa tuwo ne da dare, ɗumame da safe, wato ragowar tuwon jiya da aka ɗumama da miyarsa, fura kuma da rana. Aiki ɗaya ne ke haifar da ukun: a sussuke gero a turmi, a sheƙe ƙaiƙayi, a surfa don cire dusa, a wanke, a ba dabbobi ƙasarin, wato ruwan wankin, a baza ya sha iska, a daka ko a niƙa a dutse, a tankaɗe, a raba garin biyu, kashi ɗaya na fura ɗaya na tuwo. Ana tuƙa tuwon dare da yawa da gangan domin ya kwana, kuma ruwan tsamiya ko na kanwa da ake sa masa yana taimaka masa ya kai safiya bai lalace ba. Da haka hura wuta mai ƙarfi sau ɗaya take ɗaukar gida kusan yini guda, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da itacen girki ke da wuya, rijiyoyi kuma ke da zurfi. Sauyin baki yakan zo ne daga dambu ko ɗanwake ko burabusko, wanda ake yi da tsakin gero, abincin da Mangawa suka yi tarayya a kansa da sauran mutanen Barno. Bai kamata a manta ba cewa sauƙin da wannan tsari ya ba maigida da aljihunsa, ƙirjin mata ne da tafin hannunsu suka biya shi, domin daga sussuka zuwa kwashe tuwo aikin sa'o'i ne masu yawa a bakin turmi, kowace rana ta Allah.

Fannin da hikimar mata ta fi fitowa shi ne miya. Rumbu na maigida ne, amma kayan miya na uwargida ne, kuma ita ma tana da kakarta. Kafin damina ta ɗauke ake tsinko ganyen kuka a shanya shi a inuwa don kada rana ta cinye korensa, a daka a tankaɗe a zuba a tulu ko gora. Kuɓewa ana yayyanka ta a busar, haka karkashi da lalo da yakuwa da tafasa da zogale da rama, kowanne da ƙullinsa. Ganyen albasa ana kirɓa shi a dunƙula a busar ya zama gabu, tumatir kuma, bayan ya yaɗu a lambunan fadama, ana tsaga shi a shanya ya zama kauɗa, tattasai da barkono su ma a busar da su. Sarauniyar kayan ita ce daddawa, wadda ake yi da kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, ta hanyar doguwar dahuwa da cire ɓawo da rufewa na 'yan kwanaki har ta ruɓa yadda ake so, sannan a kirɓa a faɗaɗa a shanya, ta yi watanni ba ta canza ba. A arewacin ƙasar, inda ɗorawa ba ta da yawa, ana yin daddawar batso da 'ya'yan yakuwa, mai ƙarfin wari da arha. Matar da ta tara waɗannan a ɗakinta, wasu a tukwane wasu a rataye a ragaya, tana iya kaɗa miya wata da watanni ba ta aiki yaro ko'ina ba.

Nama ma an san yadda ake ja masa rai. Ragon layya ana soya shi ƙwarai har ruwansa ya ƙone, a ajiye shi cikin kitsensa, wani kuma a yanyana a shanya, ana ɗiba kaɗan-kaɗan ana jefawa a miya, kuma a gidaje da yawa akan ɓoye wani yanki, musamman wutsiya, har ranar cika-ciki a watan Muharram, kusan wata guda bayan Babbar Salla. Busasshen kifi na zuwa daga dausayin Haɗejiya da Nguru. Hatta aure an saka masa irin wannan tanadi, domin gara, kayan abincin da iyayen amarya ke kai wa gidan ango, tana ɗauke wa sabon gida nauyin saye na wani lokaci.

Abin da ya rage wa kasuwa shi ake kira cefane, wato sayen kayan miya da ɗan abin da gida ba ya samarwa: gishiri da manda da kanwa da mai da nama ɗanye idan hali ya yi, da kananzir da ashana bayan zuwan Turawa. Kasuwannin karkara a ƙasar Hausa na mako-mako ne, kowace da ranarta, an jera su yadda ɗan kasuwa zai iya cin wannan yau ya ci waccan gobe. Mafi shahara a masarautar ita ce ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis a bakin iyaka, ƙasa da kilomita 30 arewa da Gumel, inda shanu da raƙuma da tumaki da awaki ke shigowa daga Dungas da Magarya da sauran ƙasar Damagaram, hatsi da kayan masarufi kuma su tsallaka arewa. Daga kudu akwai ta Gujungu a ƙasar Taura, mai ci ranar Lahadi. Ga magidancin ƙauye, ranar kasuwa rana ce guda da ake haɗa buƙatu da yawa: ya kai akuya ko kaji ko tabarmar kaba ya sayar, ya yi cefanen mako da kuɗin, ya gyara garma, ya ji farashi da labarin dangi, ya dawo kafin magariba. Tunda matan aure a gidaje masu kulle ba sa zuwa kasuwa, uwargida kan lissafa masa abin da ya ƙare tun daren jajibiri, kuma abin da aka manta sai wani makon, ko a nema a maƙwabta. Ƙananan giɓi ana cike su ne a cikin gari, ta hannun yara masu talla da matan da ke sayar da mai da ƙuli-ƙuli da daddawa daga cikin gidajensu, da Fulani mata masu kawo nono da man shanu, waɗanda a da sukan karɓi hatsi a madadin kuɗi.

Ba kowane gida ne ya ci moriyar wannan tsari ba, kuma ba kowace shekara ba. Ko a zamanin da ake yabo akwai wanda gonarsa ba ta kai shi rani, wanda ke yin ƙwadago a gonar wani da damina ya bar tasa ta cika da ciyawa, ko ya ci bashin dami ya biya ninki da kaka. Irinsa ake cewa yana hannu baka hannu ƙwarya. Idan kuma fari ya jera shekara biyu, rumbun mai wadata ma yakan ga ƙasansa, kamar yadda ya faru a yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake tunawa da ita a ƙasar Kano da sunan Kakalaba.

Wannan yunwa ta zo ne a daidai lokacin da tsarin ya fara samun matsi daga waje. Gumel ta shiga hannun Ingilishi a 1903, kuma iyakar da suka shata da Faransawa a shekarun da suka biyo baya ta raba masarautar da tsohuwar hedkwatarta da wani yanki na ƙasar da take hulɗa da ita. Sabuwar gwamnati ta nemi a biya haraji da jangali da tsabar kuɗinta maimakon wuri ko hatsi, kuma lokacin karɓa ya faɗo da kaka, sa'ar da hatsi ya fi arha. Mai gandu ya zama dole ya sami abin sayarwa, ko dai ya taɓa rumbu ko ya ware wani yanki na gonarsa ga gyaɗa, wadda kasuwarta ta buɗe bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Da aka miƙa layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Gagarawa, har garin da ya tashi a gefen tashar ya ɗauki sunan Gagarawa Tasha, kuma 'yan baranda da wakilan kamfanoni suka matso kusa da manomi. Gyaɗa ta kawo kuɗi da atamfa da kwanon sha da keke, ta kuma koya wa gida wani sabon lissafi, na sayar da amfanin gona a sayi abinci, lissafin da ke tafiya daidai muddin farashin biyun bai juya wa manomi baya ba.

Shekarun 1970 su suka fi girgiza al'adar. Farin 1972 zuwa 1974 ya kwashe rumbuna da garkuna, cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta karya nomanta a arewacin Jihar Kano ta lokacin, kuɗin man fetur kuma ya buɗe wata hanyar rayuwa ta dabam. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da yaɗuwar makarantu, ciki har da kwalejin horon malamai da ke Gumel, sun samar da ajin ma'aikata masu albashi, waɗanda lissafin abincinsu ya koma na wata-wata, da buhun shinkafa da galan na mai da katan na taliya. Gwamnatin Jihar Kano ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, amma buƙatar kuɗi ba ta ragu ba, sai ma ta ƙaru da taki da magani da kuɗin mota da kayan aure. Gandu ya riƙa rabewa da wuri, 'ya'ya na ware tukunyarsu tun uba na da rai, gonaki na ƙanƙancewa da rabon gado, kuma ƙaramin gida mai ƙaramar gona ba ya iya cika rumbun da zai rufe har damina.

A cikin gida ma abubuwa biyu sun sauya aikin girki. Injin niƙa ya ɗauke wa mata mafi nauyin wahalarsu, kuma duk mai ƙaunar uwarsa ba zai yi kukan rabuwa da dutsen niƙa ba. Sai dai injin na son kuɗi a hannu kowace rana ko bayan kwana biyu, haka ma dunƙulen Maggi da ya zauna kusa da daddawa a tukunya, a wasu gidajen ma ya ture ta. Daga nan mai tebur da mai kanti suka shigo kowace unguwa da ƙulle-ƙullen leda, mai na cokali, gishiri na ƙulli, tumatir na ƙaramin gwangwani, har ya zama ana iya haɗa miya guda daga sayayyar rana guda. Kuɗin cefane, wanda a da ake bayarwa ranar kasuwa, ya koma abin da maigida ke ajiyewa kowace safiya kafin ya fita, rashinsa kuma ya zama sanadin ɓacin rai da ƙararraki a gaban alƙali. Saye da ƙulli ya fi saye da kwano tsada, saye da tiya ya fi saye da buhu tsada, saboda kowane hannu da kayan ya bi sai ya ɗora ribarsa, don haka wanda ya fi kowa rashi shi ne ya fi kowa biyan farashi mai yawa a kan abinci iri ɗaya. Mafi ciwo shi ne manomin da ya sayar da geronsa da arha a Oktoba don biyan bashi, ya dawo a Yuli yana awon irin geron nan da tsada daga hannun wanda ya saya ya ajiye.

Zaman masarautar a bakin iyaka ya sa ta riƙa ganin gwajin wannan sauyi a fili. An rufe iyakokin Najeriya daga Afrilun 1984 zuwa 1986, a daidai lokacin wani babban fari, har mutanen tsallaken iyaka suka sa wa yunwar shekarar sunan El-Buhari. An sake rufewa a Agustan 2019, kuma Maigatari na cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa a Disambar 2020, sannan aka kuma rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A farkon 2023 ƙarancin takardun naira da ya biyo bayan sauya fasalinsu ya kai ga mai kuɗi a banki ya kasa yin awo, mai akuya ya kasa samun mai saye da kuɗi hannu, kuma cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 ya sa kuɗin motar zuwa kasuwa ya zama abin lissafi shi kansa. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta gidan da ke da dami a rumbu da kuka a tulu ya ci tuwonsa ya jira, gidan da ya dogara da awon yamma kuwa ya kwana da abin da kasuwar ranar ta yanke masa.

Al'adar ba ta mutu ba, ta sauya mazubi. Manoman yankin a yau sun mayar da riɗi da zoɓo amfanin sayarwa, waɗanda 'yan kasuwa ke tarawa a Maigatari da sauran kasuwanni don fitarwa ƙasashen waje, kuma mai dabara yakan sayar da su ya biya buƙatunsa ya bar geronsa. Malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma sukan haɗa albashi da kuɗin adashi su sayi buhunan gero da dawa da wake da kaka, wake kuma ana zuba shi a jarka ko a buhu mai leda biyu a ciki wanda ke hana ƙwaro numfashi. Rashin tsayayyar wutar lantarki ya sa firji bai maye gurbin shanya ba, don haka kauɗa da busasshiyar kuɓewa da garin kuka na nan a kowace kasuwa da kowane ɗaki. Babban abin da ya canza shi ne hatsi ya fara ƙaura daga rumbun bayan gari zuwa buhu a cikin ɗaki, saboda tsoron ɓarayi da gobara, da kuma zuwan injin sussuka wanda ke gama amfanin gona guda a yini ɗaya. Dami a rumbu sai an hau an sauko da shi, an nemi mata sun sussuka sun sheƙe, kafin ya zama abin sayarwa, kuma a cikin wannan jinkiri sau da yawa buƙatar da ta taso takan sami wata mafita. Tsaba a buhu kuwa kusan kuɗi ce a ajiye, ana kwance bakin buhun a ɗebi tiya biyu a ba yaro ya kai wa mai awo kafin a gama sallar la'asar.